Masarar Hayin Mayo

Mijina ya rasu a farkon damina, bayan ya gama shuka. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai yi doguwar jinya ba. Ya bar ni da yara biyu maza, babban yana shekara takwas, ƙaramin yana cikin ta biyar. Ya bar mu a ɗaki biyu na haya a nan Mubi, da akuya guda, da 'yar gonar masara da gyaɗa a hayin mayo, wato kogin da ya ratsa ta bayan unguwarmu. Ranar da na shiga takaba masarar ba ta kai tsawon yatsa ba.

Takabata ta faɗa daidai kan damina, daga farkonta har ƙarshenta. Matar limamin unguwa da ta zo gaisuwa ta ce min idan lalura ta kama, mace tana iya fita da rana ta dawo. Amma dangin mijina mutanen ƙauyen Duvu ne, kuma a gidansu mai takaba ba ta taka bakin ƙofa, ko da leƙe ne. Surukata ta zauna da ni har sadakar arba'in. Da za ta koma gona ta riƙe hannuna ta ce kada in ba mutane abin faɗa a kan ɗanta. Na ce mata to. Iyayena kuwa 'yan kasuwa ne da suka zo daga Borno lokacin da zama ya gagara a can. A nan aka yi aurena, da hankali ya ɗan kwanta suka koma gida. Tsakanina da su sai waya.

Don haka yaran ne 'yan aikena. Babban shi ke kai niƙa, shi ke sayo gawayi da manja, shi ke bin layin famfo da jarka. Ƙaramin yana biye da shi duk inda ya sa ƙafa, ba don ya taimaka ba, don dai kada a bar shi a baya. Babban ina ce masa Yaya kamar yadda ƙaninsa yake kiransa, ƙaramin kuma Auta. Tun rasuwar ubansu faɗa ya ƙaru a tsakaninsu. Suna faɗa a kan cokali, a kan wanda zai kwana jikin bango, a kan wanda zai ba akuya dusa. Yaya ya koyi muryar manya, yana cewa kai yaro zo nan. Auta kuma idan ya ga ƙarfi ba zai kai shi ba, sai ya kai cizo. Ya kuma koma fitsarin kwance, abin da ya daina tun bara. Kowace safiya ina shanya tabarma a igiya, ina roƙon rana ta fito.

Ban iya dukansu ba a watannin nan. Idan na ɗaga hannu sai in ga goshin ubansu a fuskar wanda zan daka, sai in sauke in ce su je su wanke ƙafa.

A gidan akwai wata tsohuwa Bafulatana, uwar mai gidan, muna ce mata Goggo. Hausarta irin ta nan ce, mace da namiji duk kai take ce musu. Ta ɗauki Auta mijinta na wasa. Idan ta ga tabarma a igiya sai ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Mijina ya sake ban ruwa? Bana gonarmu zai yi kyau." Shi kuma ya tura baki ya ce ya sake ta saki uku, ba ya son mace marar haƙori. Ta ce to a fito mata da kayan ɗakinta yanzu yanzu. Wannan ne kaɗai abin da ke sa shi dariya a lokacin.

Ƙanin mijina, wanda yaran ke kira Bappa, shi ya ɗauki noman gonar. Yakan zo daga Duvu a kan mashin ya yi noma, wani lokaci ya haye da yaran. Su suke kawo min labari. Masara ta kai gwiwa, ta wuce kan Auta, ta yi goyo. Ni ban gan ta ba. Abin da nake gani daga tsakar gida shi ne katanga ta kowane ɓangare, da ɗan sararin sama da ke bisa kaina.

Da ɗanyar masara ta shigo gari, ƙamshin gashi ya cika unguwa, sai Bappa ya ɗauke ƙafa, aikin tasa gonar ya riƙe shi. Yaya ya fara damuna in bar su su je su karyo. Na ce sai Bappa ya zo. Ya ce tsuntsaye suna ci, masu wucewa suna karya. Na ce sai Bappa ya zo. Haka muka yi ta yi, kullum da safe, kullum da yamma. Ranar wata Asabar yana shara sai ya ajiye tsintsiyar ya tsaya a gabana.

"Mama, masarar Baba ce fa. Shi ya haƙa, ni na riƙa rufe ramin da ƙafata. Wasu ne za su cinye, mu ko ɗanɗanawa ba mu yi ba?"

Bai yi kuka ba. Da ya yi kuka da wataƙila na iya hana shi. Na tambaye shi yaya ruwan mayo yake. Ya ce jiya da ya je wajen ya ga mata suna wanki a tsakiya, ruwan iyakarsa idon sawu, sauran duk yashi ne. Na ɗaga kai na dubi sama. Rana ta fito tas, ba ko ɗigon gajimare, kuma an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Na ba shi ƙaramin buhu. Na ce kada ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa, kada ya saki hannun ƙaninsa, kada su yi faɗa a hanya, su dawo kafin azahar. Na so in riƙe Auta a gida, amma ya riga ya sa jar rigarsa ta ƙwallo ya tsaya a zaure, na san idan na hana shi zai wuni yana ihu.

Suka tafi. Na yi wanki, na ɗora wake, na zauna ina tsince shinkafa. Can sai na ji iska ta sauya, wata mai sanyi ta shigo ta kan katanga ta kaɗa tabarmar da ke igiya. Na sake duban sama, rana tana nan yadda take. Na ci gaba da tsinta.

Goggo ta dawo daga unguwa da ƙwarya a kai, tana tambaya ina mijinta, ta kawo masa gyaɗa. Na ce sun haye gona karyo masara. Ta sauke ƙwaryar a ƙasa, ta juya ta fita, ban san me ta je yi ba. Da ta dawo fuskarta ba irin ta ɗazu ba ce.

"Tun yaushe suka tafi?"

Na ce tun hantsi.

"Dutse ya yi baƙi," in ji ta. "Kai ba ka duba dutse ba?"

Na ce wane dutse. Ta ce duwatsun gabas, wajen iyakar Kamaru. A can ruwa yake sauka, ya gangaro ya bi mayo, nan gari ana rana. Ta ce ba a hankali yake zuwa ba, gaba ɗaya yake zuwa, mutum yana tsakiyar yashi sai dai ya ji ƙara a bayansa. Duk yaron da aka haifa a nan ya san ba sama ake duba ba kafin a haye, dutse ake duba.

A inda na tashi ƙasa shimfiɗe take. Hadari kana ganinsa tun daga nesa yana tahowa, kogi kuma idan zai cika sai ya ɗauki kwanaki yana ƙaruwa. Shekarun da na yi a Mubi wanki a gida nake yi, gona kuma da rani kawai na taɓa zuwa. Sai a lokacin na tuna mijina yakan tsaya a ƙofar gida da fartanya a kafaɗa ya juya gabas ya ɗan jima kafin ya tafi, wani lokaci ya dawo ciki ya ce yau ba zuwa. Ban taɓa tambayarsa me yake kallo ba. Daga tsakar gidanmu kuwa ba a hango dutsen.

Na kira Bappa. Da ƙyar nake jin muryarsa saboda ƙarar ruwa a kan kwano. Ya ce wajensu ana tafka ruwa tun safe, mashin ba zai fita ba. Ya tambaya lafiya. Na gaya masa. Ya ce innalillahi, sai wayar ta katse.

Ba namiji ko ɗaya a gidan, duk sun tafi kasuwa. Na zura hijabi na zo zaure na tsaya. Ina ganin titi ta bakin ƙofa, ga kwata, ga kaji suna tono, amma ƙafata ta ƙi. Maganar surukata nake ji. Goggo ta zo ta bayana ta tura kafaɗata.

"Ka fita. Allah ya san abin da ya fitar da kai."

Na fita. Hasken waje ya yi min yawa. Mai shagon kusa da mu, wanda ya yi wa mijina wanka tare da liman, ya ɗago ya gan ni ya sunkuyar da kai. Wasu mata a bakin famfo suka daina magana. Na so in yi gudu, amma bayan watannin zama sai sauri kawai nake ina tuntuɓe. Goggo tana biye da ni da sandarta, tana cewa in bi ta lungun masallaci ya fi kusa.

Tun kafin mu isa na ji ƙarar. Kamar manyan motoci ne a jere suna wucewa ba sa ƙarewa. Da muka fito bakin gaɓa ban ga yashi ko kaɗan ba. Ruwa ne ja mai kauri daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tafe da rassan itace da kara da leda, da wani zane da ya ƙwace wa masu wanki. Matan sun kwashe kayansu sun hau tudu suna kallo. Kuma har lokacin rana ake yi, inuwata tana gabana a ƙasa.

Na tambaye su ko sun ga yara biyu, ɗaya da jar riga. Wata ta ce ta ga hayewarsu da safe. Na ce dawowarsu fa. Ta dubi 'yar uwarta, ita ma ta dube ta. Ba wadda ta ga sun dawo, ba kuma wadda za ta rantse ba sa ciki lokacin da ruwan ya zo, don kowa ta kanta ta yi. Na riƙa bin ruwan da ido, duk wani abu ja da ya taso sai zuciyata ta tsaya.

Goggo ce ta nuna da sanda. Can a hayi, a kan tudu, kusa da wata bishiyar giginya. Yaya yana tsaye da buhu a kai, hannunsa ɗaya riƙe da Auta. Suna sama, nesa da ruwan, suna kallonsa kamar yadda muke kallo. Daga baya na ji cewa sun fara gangarowa sai Yaya ya ji ƙarar ya ja ƙaninsa suka koma.

Ban san lokacin da na matsa bakin gaɓa na ɗaga hannu biyu na kira sunan Auta ba. Murya ba ta hayewa a wannan ƙara, amma ya gan ni. Yaron nan tun ranar da aka fita da ubansa bai ga ƙafata a waje ba. Na ga ya tsaya cak, sai ya fizge hannunsa ya gangaro da gudu.

Yaya ya yar da buhun ya bi shi. Ya cim masa a inda ƙasa ta fara laushi, ya kama bayan rigar, suka faɗi tare. Ina ganin gaɓar da ke ƙasa da su tana zaizayewa, gunduwa gunduwa tana faɗawa ruwa. Auta ya tashi, Yaya ya rungume shi ta ciki, yana shure shure yana miƙo hannu wajena. Na san ƙarfin kowannensu, kullum ni ke raba su. Yaya ya fi shi, amma ba da yawa ba, kuma na ga Auta ya sunkuya kan hannun da ke riƙe da shi. Na riƙa kora su da hannu ina cewa su koma, su koma. Duk lokacin da na ɗaga hannu sai ya ƙara yunƙurowa, yana zaton kiransa nake.

Goggo ta kama hijabina ta ja.

"Ka tafi. Muddin yana ganinka zai shiga ruwan nan."

"In tafi ina, Goggo?"

"Ka juya baya ka tafi, ya gani da idonsa ka tafi. Ni ina nan."

Na dube ta. Na dubi yarana. Sannan na sauke hannuna, na juya musu baya, na hau tudun a hankali don ya gan ni sosai. Akwai wani kango da aka fara ginawa aka bari, na shiga bayansa na tsuguna na jingina goshi da bulo. A nan na ji muryarsa, ita dai ta haye ruwan. Ba kalma ba ce, ihu ne guda mai tsawo, ya yanke ya sake farawa.

Ban taɓa yin abin da ya fi wannan tsugunon wuya ba, har da ranar da aka fita da gawar mijina. Ba na ganin komai sai bulo da tururuwa. Goggo ta tsaya a inda zan ji ta, fuskarta tana hayi, tana faɗa min kaɗan kaɗan. Ta ce har yanzu suna kokawa. Ta ce ƙaramin ya zauna. Ta ce yana birgima a taɓo. Ta yi shiru har na fara miƙewa, ta ce ba tare da ta juyo ba in koma in zauna. Can ta ce babban ya kama ƙafarsa yana jansa sama. Ta ce sun kai gindin giginya, babban ya zauna a kansa.

Ɗaya daga cikin masu wankin ta ce mijinta yana gonarsu a hayi, ba nisa da wurin. Ta kira shi bai ɗauka ba, ta sake kira, ta sake, har ya ɗauka. Ta yi masa bayani da yarensu, abin da na gane kawai shi ne giginya da jar riga. Sai jira. Rana ta lumshe, hadarin dutsen ya iso gari, aka fara yayyafi sannan ruwa sosai. Matan suka watse da kayansu, sai wadda ta yi wayar ta tsaya. Goggo ta jiƙe sharkaf, na roƙe ta ta shigo kango ta ce idan ta shigo wa zai duba mata miji. Duk wannan lokacin ban leƙa ba ko sau ɗaya. Na san idan na leƙa zai iya ganin farin hijabina.

Daga ƙarshe ta ce ga mutumin ya zo, ya saɓa ƙaramin a kafaɗa, babban yana biye, sun shiga cikin dawa. Matar ta ce zai zagayo da su ta gada a kan mashin, mu koma gida mu jira.

Sai bayan la'asar suka iso. Mutumin ya sauke su a ƙofa da buhun masarar, bai yarda ya shigo ba, godiyata ma ta bakin Goggo ta isa gare shi. Na durƙusa a tsakar gida na buɗe hannu. Yaya ya zo ya tsaya a jikina yana karkarwa. Auta ya tsaya daga nesa, taɓo har cikin kunnensa, ya dube ni.

"Kin gan ni kika tafi," ya ce.

Na ce zo in gaya maka. Ya zagaye ni ya shiga ɗakin Goggo. Ita ta yi masa wanka, ita ta ba shi abinci, a wurinta ya kwana. Da na shiga da bargo sai ya juya fuskarsa bango. Goggo ta yi min alama da ido in fita.

Washegari Bappa ya zo. Labarin fitata ya riga ya isa Duvu. Ya zauna a zaure ya ce tsohuwarsu ta ji, ta ce a gaishe ni da yaran, ba ta ƙara komai ba. Ban tambaye shi abin da sauran dangi suka ce ba. Ya ce daga yau shi zai riƙa kawo amfanin gonar, na ce to.

Da ya tafi na hura gawayi na ɓare masarar na jera. Ta yi kyau, ƙwayarta cike har baki. Na ba Goggo biyu, ta miƙa wa Auta ɗaya, ya karɓa daga hannunta ya zauna a bakin ƙofarta ya ba ni baya yana ci. Yaya ya zauna kusa da ni yana juya tasa a hannu bai kai baki ba. Na lura yana ɓoye damtsensa na hagu, na ce ya nuna min. Sawun haƙora ne wuri uku, ɗaya ya fasa fata ya kumbura. Na ɗumama ruwa da gishiri na fara gasa masa. Sai da na kusa gamawa ya ce:

"Mama, da ya cije ni na uku na kusa sakinsa."

Na ce amma ba ka sake shi ba.

"Da na sake shi fa?"

Na matse tsumman na sake ɗorawa. Na ce ya ci masararsa kafin ta huce. Ya gutsura kaɗan, yana tauna yana kallon bayan ƙaninsa.